Igiya Ɗaya, Taragu Biyu

A Valparaíso gidaje rataye suke a jikin tudu
kamar wankin da aka manta a kan igiya.
Nawa na can sama, a Cerro Barón,
inda na fasa faranti shida a dare guda
don Eleuterio ya yi minti arba'in bai amsa saƙona ba.
Yana cikin kwalekwale, a tsakiyar teku.
Ni kuwa na riga na binne shi, na yi zaman makoki,
na tsine masa, na roƙe shi, na sake tsinewa,
duk kafin shayina ya huce.

Haka nake, zuciya ba fata.
Abin da ke wa wasu cizon sauro
ni harbin kunama yake yi mini.

Ran Laraba, ƙarfe huɗu,
nakan shiga tsohon taragon da ke hawa tudu
zuwa ɗakin Nélida Quilodrán.
Kujeru biyu, agogon bango,
da wata shuka da ta ƙi yin fure.
A watan farko na ce, ke ce uwar da ban samu ba.
A na uku na ce, 'yar kasuwa, kuɗina kike ƙirgawa.
Yabon bai kumbura ta ba, zagin bai motsar da ita ba.
Ta ce, "Griselda, mutum ɗaya kike kallo duk biyun.
Zauna. A ina yake a jikinki?"

A ƙirji, garwashi ƙarƙashin haƙarƙari.
"Sa masa suna."
Fushi.
"Me ke kwance ƙarƙashinsa?"
Na yi shiru har na tsani ƙarar agogon.
Tsoro.
'Yar shekara bakwai a tashar motar Quillota,
jakar leda a hannu,
an ce mata tsaya nan, yanzu zan dawo.

Ta koya mini abubuwan da na raina:
in tsoma fuska cikin kwanon ruwan ƙanƙara,
in ja numfashi, in sake shi a hankali kamar mai hura kunu,
in rubuta saƙon, in kife wayar,
in jira sai jirgin ruwa ya yi kuka a tasha.
Na ce, wannan wasan yara ne.
Ta ce, "To, ai yarinya ce ke ƙonewa."

Da kaka ta tafi mako biyu, an yi wa mahaifinta tiyata.
Na rubuta mata wasiƙu sha ɗaya masu dafi,
na aika uku.
Larabar da ta dawo na ƙi zuwa.
Ta kira sau ɗaya: "Kujerarki na nan."
Ba faɗa, ba lallashi.
Na kwana ina neman inda zan kama ta da laifi,
hannuna ya dawo wayam.

Tsoho Hermógenes, mai tuƙa taragon,
ya taɓa nuna mini igiyar ƙarfen da haɓa:
taragu biyu ne, ɗaure da juna,
in wannan ya hau, wancan ya gangara,
a tsakiyar hanya suke gaisawa.
Na gaya wa Nélida. Ta ɗan yi murmushi,
ba ta fassara mini ba, na gode mata.

Daren jiya Eleuterio ya sake yin latti.
Garwashin ya tashi, ya san hanyarsa.
Na tsoma fuska har haƙorana suka yi tsami,
na rubuta "kada ka dawo", na kife wayar,
na zauna a dakali ina karkarwa
ni da yarinyar tashar mota.
Jirgin ya daɗe bai yi kuka ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya ya shigo, yana ƙarnin kifi.
Kofi ɗaya ya tsage, na dire shi da ƙarfi.
Farantan dai suna nan.
Gobe Laraba, zan gaya mata batun kofin.